Rajistar Gwaje-Gwajen Gona: Ya Kamata Ƙasashe Su Haɗa Littafinsu

Kafin a fitar da sabon iri na gero ko gyaɗa a ba manoma, akan yi shekara takwas, wani lokaci har goma sha biyu, ana aikinsa a gonar gwaji. Ana barbarar wannan da wancan, ana zaɓe, ana zubarwa, ana sake shukawa. In an gama, sai a rubuta rahoto, shi ma ya yi shekara ɗaya ko biyu kafin a buga shi. To, duk tsawon wannan lokaci, in ba wanda ke aikin da shugabansa ba, da wuya wani ya san ana yi. Sau da yawa a wata ƙasa akwai wani masani yana fama da aiki iri ɗaya, yana kashe kuɗin Gwamnatinsa, ba wanda ya san da wani. Maganin wannan asara shi ne rajistar ayyukan bincike da ake cikin yi, wadda ƙasashe za su haɗa kai su riƙe tare.

Akawu da ɗan kasuwa ba sa bukatar dogon bayani a kan amfanin rajista. Fatake biyu na gida ɗaya ba su kan ɗauki goro su nufi kasuwa ɗaya rana ɗaya ba, sai in ba su yi shawara ba. Ita wannan rajista littafi ce mai gidaje kamar ta ofis. Gida na fari sunan aikin, na biyu irin amfanin gonar da ya shafa, sa'an nan wurin da ake yi, da sunan mai yi, da mai biyan kuɗi, da ranar farawa, da ranar da ake sa ran gamawa. Da can a takarda ake bugawa, yanzu kuwa a kwamfuta ake ajiyewa, kowa ya duba ta intanet. Abin lura, ta bambanta da jerin rahotannin da aka riga aka buga. Jerin rahotanni labarin hatsin da ya shiga rumbu ne. Rajista kuwa labarin shukar da ke gona ce, tun ana iya gyara.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Ma'aikatar Gona ta Amurka ta kafa tata tun 1966, domin ta san abin da kowace tashar gwaji ke yi da kuɗin da aka ba ta. A 1975 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, wadda ofishinta ke birnin Rum, ta buɗe littattafai biyu. Ɗaya ana ce da shi AGRIS, na rahotannin da aka buga. Ɗayan CARIS, na ayyukan da ake cikin yi a ƙasashe masu tasowa. A ƙasashen Afirka ta Yamma ma aka fara gwada CARIS a farkon shekarun 1970, kafin a yaɗa shi duniya. Tsarin mai sauƙi ne: kowace ƙasa ta naɗa ofis ɗaya ya tara labarin ayyukanta ya aika, ita kuma a ba ta na sauran ƙasashe duka. AGRIS yana nan har yau da miliyoyin rahotanni. Amma CARIS ya yi ta sanyi har aka daina jin ɗuriyarsa.

INA RUWAN MANOMI?

Mai karatu ya iya cewa wannan zancen manyan malamai ne, ina ruwan mai garma? Dattawan Kano da Katsina da suka ga shekarar 1975 za su ba shi amsa. A wannan shekara ce cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwarin nan darɓa ke ɗauka daga tushe zuwa tushe, ta auka wa gonakin Arewa. An ƙiyasta ta lalata hekta wajen 700,000, watau eka fiye da miliyan ɗaya da rabi, asarar kuwa ta kai kimanin dala miliyan 250. Ga shi ta zo a bayan farin 1972 zuwa 1974, jama'a ba su gama farfaɗowa ba. Manoma da yawa suka bar gyaɗa suka koma wake da gero. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda da ake ɗaukar hotonta ana kai wa ƙasashen waje, ta ƙare. Dillali da ɗan dako da direban babbar mota da akawun sikeli, kowa ya ji a jikinsa.

Alhali kuwa tun farkon shekarun 1950 masanan Faransa suka sami wata gyaɗar gargajiya mai jure wannan cuta, a wajen iyakar ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso da Kwaddibuwa. An yi aiki a kanta a tashar Bambe ta ƙasar Senegal da kuma tashar Niangoloko ta Burkina. Daga Niangoloko aka sami iri biyu waɗanda daga baya Samaru ta fitar da sunan Samnut 10 da Samnut 11. Sai dai duk waɗannan masu daɗewa ne, sai sun yi wata huɗu da rabi ko biyar kafin su nuna. Sun dace da kudancin Zariya inda ruwa ke daɗewa. Manomin Daura da Gumel da Maraɗi, mai gajeren damina, ba su yi masa amfani ba. Iri mai saurin nuna wanda kuma ke jure cutar bai iso hannun manoma ba sai wajen shekarar 2000, da aka fitar da Samnut 23, kana Samnut 24 ta biyo a 2011, bayan Samaru ta haɗa hannu da hukumar ICRISAT.

Ba wanda zai ce littafi kaɗai zai tsare darɓa. Amma ga abin dubawa. Da a ce tun kafin annoba akwai littafi ɗaya da ya jera ayyukan gyaɗa na Bambe da Niangoloko da Samaru da Tarna ta Maraɗi, mai raba kuɗin bincike zai iya buɗewa ya ƙirga: ayyuka nawa ke kan gyaɗa mai daɗewa, nawa ke kan mai sauri? Inda ya ga gida ba kowa, nan zai sa kuɗi. Wannan shi ne babban amfanin rajista na biyu, bayan hana maimaita aiki. Tana nuna aikin da aka manta ba a yi ba.

Akwai kuma katangar harshe. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, ƙwari iri ɗaya. Amma masanin Nijeriya da Ingilishi yake rubuta rahotonsa, na Nijar da Faransanci. Manoman ɓangarorin biyu suna haɗuwa a kasuwar Jibiya su yi musayar iri da Hausa, masanansu kuwa sai an yi babban taro a wata ƙasa mai nisa kafin su gana. Fari da tsuntsaye da tsutsa ba su san iyaka ba, ba sa neman fasfo.

INDA HAƊIN KAI YA YI RANA

A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da barbaɗin gari ya ɓullo a gonakin rogo na ƙasar Kwango, ya yi ta yaɗuwa har ya iso Nijeriya. Inda ya yi tsanani yakan cinye kashi 80 cikin 100 na amfani. An gane daga Amurka ta Kudu ya zo, can asalin rogo, kuma lalle can akwai abin da ke cinsa. Masanan hukumar IITA ta Ibadan, da jagorancin Dokta Hans Herren, suka yi ta nema ba su dace ba. Wanda ya gano ƙwaron a ƙasar Faragwai shi ne Dokta Anthony Bellotti, ma'aikacin wata hukumar bincike da ke Kolambiya, wanda ya san abin da mutanen Ibadan ke nema. A can aka sami wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar gero ba, wanda ke saka ƙwai cikin jikin ɓarawon rogo ya kashe shi. Aka sake shi kusa da Ibadan a 1981, ya bazu ƙasashe fiye da 20, rogo ya tsira, ba tare da manomi ya sayi maganin feshi na ko kwabo ba. Da wannan ƙwaro ya auka wa ƙasar Tailan a 2008, daga tashar IITA ta ƙasar Binin aka ɗauki ɗan zanzaron aka kai musu. Duk wannan ya faru ne domin wani ya san aikin da wani ke ciki.

Haka kuma geron Sosat da ake nomawa daga Sakkwato har Barno. A ƙasar Mali aka yi aikinsa, masanan Mali da na ICRISAT suka haɗu, kana tashar binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri ta gwada shi ta fitar a 2000. Aikin shekaru da wata ƙasa ta biya, manomin Nijeriya ya ci moriyarsa. Tsutsar masara kuwa da aka fara gani a Afirka a 2016, a Nijeriya da maƙwabtanta, ta daɗe tana ɓarna a Burazil da Amurka, masanansu sun yi shekaru suna nazarinta. Wanda ya san inda zai buga waya tun ranar farko ya fi wanda zai fara daga baƙi da wasali.

MASU ƘIN ABIN

Akwai masanan da ba sa son a rubuta aikinsu tun bai nuna ba, suna tsoron kada wani mai kuɗi da kayan aiki ya sace dabarar ya riga su. Tsoron yana da dalili, gama ƙananan ƙasashe sun sha ganin an kwashi irinsu da saninsu ba a ambaci sunansu ba. Amma rajista ba ta neman asirin aiki. Suna da wuri da kwanan wata kawai take so. Kwanan watan nan ma shi ne shaidar mai aiki in gardama ta tashi, kamar yadda takardar gona ke tsare mai gona gaban alƙali. Wasu kuma sun ce cika fom ɓata lokaci ne. Fom na shafi ɗaya sau ɗaya a shekara ba ya kama ƙafar damina goma da za a ɓatar kan gwajin da aka riga aka yi a wani wuri. Bugu da ƙari, gwajin da bai yi nasara ba galibi ba a buga rahotonsa, sai ya nutse. In yana cikin rajista, na baya ya iya tambaya ya ji inda ramin yake.

Abin da ke kashe irin wannan littafi sananne ne. A fara da kuɗin taimako daga waje, a buga littafi mai kyau, kuɗi ya ƙare, ba mai sabuntawa. Rajistar da ta shekara biyar ba a taɓa ta ba, kamar kalandar bara ce. Likitoci sun sami dabarar wannan. Tun 2005 editocin manyan mujallun likitanci suka ce ba za su buga sakamakon gwajin magani ba sai in an yi masa rajista tun farko. Nan da nan masu gwaji suka yi layi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta haɗa rajistocin ƙasashe wuri ɗaya, har da ta Afirka wadda ake riƙe da ita a Afirka ta Kudu. Abin da roƙo bai yi ba, sharaɗi ya yi.

To, haka ya kamata a yi wa aikin gona. Majalisar Binciken Aikin Gona ta Nijeriya, da hukumar INRAN ta Nijar, da takwarorinsu, su sa doka: ba a sakin kuɗin shekara ga kowane gwaji sai an shigar da shi rajista, ba a sakin na baɗi sai an rubuta inda aka kwana. Albashin akawun da zai riƙe littafin ya fito daga baitulmalin ƙasa, kada a jingina shi ga baƙo. Ƙungiyar CORAF da ke Dakar, wadda tun 1987 take haɗa masanan gona na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ita ta fi dacewa ta tara na ƙasashen wuri ɗaya, da Ingilishi da Faransanci. Kana a riƙa fitar da taƙaitawa da Hausa kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a raba wa malaman gona, a karanta a rediyo.

In an yi haka, shugaban ƙungiyar manoma zai iya zuwa ofis ya ce a nuna masa ayyuka nawa ake yi kan ƙuduji, ko kan ƙwarin da ke cin wake a rumbu, wa ke yi, yaushe za a gama. Ɗan kasuwa mai shirin gina sito ko kafa injin matsar mai zai san irin da ke tafe nan da shekara uku. Kuɗin bincike daga harajin waɗannan mutane yake fitowa, saboda haka suna da hakkin su ga littafin. Wakilan jama'a a majalisa su ma su tambayi Ma'aikatar Gona ranar da za a buɗe shi. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, manoman 1975 kuwa sun biya kuɗin wannan duhu da gyaɗarsu. Allah ya ba da damina mai albarka.