Zancen Gida: Fim Marar Suna

A watan nan za mu buɗe kabad ɗin nan na falo, ko kuwa akwatin da ke ƙarƙashin gado, inda kaset-kaset da faya-fayan bidiyo su ke jibge. Gidaje da yawa suna da irinsa. A ciki akwai fim na Hausa, da na Indiya, da na Amurka, da bikin auren maigida da uwargida, da taron zumuntar mata na wata shekara. Waɗansu kwalinsu ya yage, waɗansu an cusa su cikin kwalin wani, waɗansu kuwa ko harafi ɗaya babu a jikinsu. Yara sun juye kaɗan cikin kwamfuta, amma can ma lambobi ne kawai na'ura ta raɗa musu a maimakon suna. Mu dai a ganinmu, fim ɗin da ba a san sunansa da shekararsa da mutanen cikinsa ba, bambancinsa da wanda ya ɓace kaɗan ne.

Ku dubi abin da ya sami Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An yi shekaru ana zaton ya ɓace. Ashe yana nan ajiye, masu nemansa ne ba su san inda ya ke ba. Sai a 2016 aka same shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. To, in fim na ƙasa ɗungum ya iya ɓuya haka, ina ga kaset ɗin auren gwaggo?

Mu fara da kwali, gama mutane sun raina shi. Bayan da Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, sana'ar bidiyon Hausa ta kafu, a kan kwali cinikin ya tsaya. A wancan zamani mai fim ya kan buga kwalaye, ya kai wa 'yan kasuwa irin na Ƙofar Wambai tare da uwar kaset. Su kuwa su juye fim ɗin a kaset ɗinsu, su sa cikin kwalin su sayar. Wato a lokacin kuɗin mai fim a kwali ya ke. A jikinsa ne kuma a ke samun sunan kamfani, da na darakta, da na 'yan wasa, da ko kashi na nawa ne. Da yawa cikin bayanan nan ba su cikin intanet ko kaɗan. Mai yiwuwa ne wanda ke gidanku yana cikin 'yan kaɗan da su ka rage. Kada ku liƙe shi da salatif, domin in ya daɗe ya kan bar tabo ya ɗaye fenti. Ku shimfiɗa shi ƙarƙashin babban littafi ya kwana biyu ya miƙe, sa'an nan ku ɗauki hotonsa gaba da baya da gefe, da rana amma a inuwa. In akwai shagon kwamfuta kusa, ku ce a ɗauke muku shi da sikana, ɗigo 600 a kowane inci.

Samarin gida za su ce duk wannan wahala ce ta banza, ai akwai manhaja mai yin aikin. Gaskiya ne, akwai Kodi, da Plex, da Jellyfin. Su kan jera fina-finai a fuskar talabijin, kowane da hotonsa da taƙaitaccen labarinsa, gwanin sha'awa. Amma ku sani manhajar ba kallon fim ɗin ta ke yi ba. Sunan fayil kaɗai ta ke karantawa, ta je ta tambayo a wani rumbun bayani kamar TMDB, wanda aka kafa a 2008, 'yan sa kai ne kuma ke cika shi. In sunan ya karkace, amsar ma sai ta karkace. An yi Ben-Hur a 1925, an yi a 1959, an sake yi a 2016. Wanda ya rubuta suna ba shekara, kada ya yi mamaki in ya ga hoton wani saurayi a kan fim ɗin Charlton Heston. Sai a rubuta Ben-Hur (1959), a ba kowane fim jakarsa dabam cikin kwamfuta, a sa hoton kwalinsa ciki da sunan poster.jpg.

Ga kuma wani tarko. In kun bar gyaran da ku ka yi a cikin manhaja kaɗai, ranar da kwamfuta ta lalace, aikin wata uku ya bi ruwa. Kodi da Jellyfin su kan iya ajiye bayanin kowane fim cikin ƙaramin fayil mai suna nfo a jakar fim ɗin, tare da hotunansa. Ku sa a kunna wannan tun da fari, domin duk inda fim ya tafi takardarsa ta bi shi.

Fina-finan Hausa kuwa sai an yi haƙuri. Sau da yawa manhaja ba ta samun kome, ko kuwa ta manna musu hoton wani fim na wata ƙasa. A nan hoton kwalin da ku ka ɗauka zai yi rana. Ku tsai da rubutu iri ɗaya, ko da ƙugiya ko babu, ku kuma nuna kashi na 1 da na 2 a fili. Mai hali ya iya yin rajista a TMDB ya shigar da fim ɗin, saura su amfana.

Yanzu mun zo kan wanda ya fi damunmu. Bikin aure, da suna, da baftisma, da jana'izar kaka, babu wani rumbu a duniya da ya san su. In Ben-Hur ya lalace a kan sami wani. Waɗannan kuwa ɗaya ɗaya ne, bayaninsu kuma yana cikin kan tsofaffi. Yau uwargida tana ganin kaset ta ce, ga wance da ta riƙe ni sa'ad da mahaifiyata ta rasu. Nan da shekara 30 jikoki za su ga wata mace ɗauke da ƙwarya ta gilma, ba wanda zai ce ga ko wace ce. Saboda haka ku sami littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Ku ba kowane kaset lamba, ku rubuta lambar a jikinsa da cikin littafin. Ku zaunar da dattawa gaban talabijin, yaro guda yana riƙe da biro. In fuska ta bayyana a tsai da fim, a rubuta minti na nawa ne, da cikakken sunan mutumin, da dangantakarsa da gidan. "Baba" ko "Mama" kaɗai ba su isa ba, kowane gida yana da nasa. A rubuta garin, da majami'ar, da harshen da aka yi waƙa da shi. Za a yi gardama, za a yi dariya, wata ma za ta share hawaye. Ku bar su, cikin gardamar a ke samun sunan da ya shige duhu.

Kwanan watan da ke fitowa a kusurwar hoto kuwa kada ku gaskata shi gaba ɗaya. Masu ɗaukar bidiyo da yawa ba su saita agogon kyamara ba. Ku gwada shi da katin gayyata ko takardar aure. A sunan fayil ku fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 1994-12-17, da haka kwamfuta za ta jera su bi da bi da kanta.

A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa rabon gara ne da laima. Kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera injin kaset ɗin VHS, ya daina a watan Yuli 2016. Injunan da ke hannun mutane tsufa su ke yi. Kaset ɗin da ku ka ga farar hunhuna a zarensa, kada ku sa shi a inji, zai ɓata injin ya shafa wa saura. Ku ɓalle ɗan harshen nan na gefen kaset don kada wani ya ɗauki wasan ƙwallo a kan auren iyayensa. Ku jera su tsaye kamar littattafai, nesa da lasifika da zafin kwano. Faifan CD a rubuta masa da maka mai taushi, ban da biro, gama abin da aka naɗa yana dab da fuskar da a ke rubutu a kai.

In an gama juyewa, kada a zubar da na asali. Ku yi kwafi biyu na fina-finan gida, ku ɗauki hoton kowane shafi na littafin ku haɗa, ku aika da guda wurin ɗan'uwa a wani gari. Kirsimati mai zuwa, sa'ad da dangi su ka taru, ku fito da kaset ɗin da ya fi daɗewa, ku sa wa kaka kujera kusa da talabijin, ku kuma ƙara murya domin ta ji.