Ƙirƙirarriyar Basira: Cinikin Biri A Sama?

Tun daga ranar 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na ƙasar Amurka ya fito da manhajar ChatGPT, da wuya a wayi gari ba a ji wani sabon labari game da ƙirƙirarriyar basira ba, wato fasahar nan da ke sa kwamfuta ta yi rubutu, ta amsa tambaya, ta kuma zana hoto tamkar ɗan Adam. Masu tallar fasahar na cewa za ta sauya harkar ciniki da masana'antu baki ɗaya, kuma duk wanda bai rungume ta da wuri ba, kasuwa za ta bar shi a baya. Irin wannan magana ta isa kunnuwan 'yan kasuwa a Legas da Ibadan da Fatakwal, har wasu sun fara tambayar inda za su sa kuɗinsu don kada a ci ribar ba da su ba.

Kafin a kai ga nan, ya kamata a duba lamarin da idon ɗan kasuwa, wanda ba ya karɓar kaya sai ya kwance ɗauri ya ƙirga. Amfanin fasaha daban, ribar wanda ya zuba jari a cikinta daban, kuma tarihin kasuwannin duniya ya sha nuna cewa ana samun na farko a rasa na biyu.

Kuɗin da ake kashewa a wannan fanni ba ƙanana ba ne. Manyan kamfanoni huɗu na Amurka, wato Amazon da Microsoft da Meta da Alphabet mai mallakar Google, sun kashe sama da dala biliyan 200 a shekarar 2024 wajen gine-gine da sayen na'urori, akasari domin manyan rumbunan kwamfutoci da fasahar ke dogara da su. A shekarar 2025 adadin ya haura dala biliyan 300. Idan ana son gane girman wannan kuɗi, kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya na shekarar 2025 naira tiriliyan 54.99 ne, kimanin dala biliyan 36. Kamfanin Nvidia, wanda ke sayar da ƙananan na'urorin lissafi da ake zuba wa rumbunan, darajarsa a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 1 a shekarar 2023, ta kuma kai tiriliyan 5 a watan Oktoba na 2025.

To ina ribar take? Nvidia dai yana cin riba sosai, domin shi ne mai sayar da kayan aiki. Amma masu sayen kayan, lissafinsu bai fito ba tukuna. Rahotannin jaridun kasuwanci na Amurka sun nuna cewa a shekarar 2024 kamfanin OpenAI ya yi cinikin kimanin dala biliyan 3.7, ya kuma yi hasarar kimanin biliyan 5. Duk da haka, a watan Nuwamba na 2025 shugaban kamfanin, Sam Altman, ya bayyana cewa alkawuran kashe kuɗi da suka ɗauka na shekaru masu zuwa sun kai dala tiriliyan 1.4. Bugu da ƙari, a watan Satumba na 2025 Nvidia ya ba da sanarwar aniyarsa ta zuba jarin da zai iya kaiwa dala biliyan 100 a OpenAI, wanda shi kuma zai yi amfani da na'urorin Nvidia ɗin. Duk wani dillali ya san wannan tsari: mai kaya ya ba mai saye kuɗin da zai sayi kayansa, sannan ya rubuta a littafi cewa an yi ciniki. Ba laifi ba ne a dokance, sai dai yana sa kasuwa ta yi kamar ta fi ƙarfinta na gaskiya.

Akwai kuma batun tsufan kayan aikin. Layin dogo ko gada kan yi shekaru da dama ana cin moriyarsu, amma kamfanonin da kansu suna ƙiyasta wa waɗannan na'urori shekara biyar zuwa shida ne a littattafansu. Ke nan dole jarin ya dawo cikin ɗan lokaci, in ba haka ba a sake zuba wani kafin na farko ya biya kansa.

Masana tattalin arziki ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A shekarar 2023 bankin Goldman Sachs ya yi hasashen cewa fasahar za ta iya ƙara kashi 7 cikin 100 a kan abin da duniya ke samarwa cikin shekaru 10. A watan Yuni na 2024 kuma bankin ya fitar da wani rahoto yana tambaya ko kuɗin da ake kashewa bai yi wa amfanin da ake samu yawa ba. Farfesa Daron Acemoglu na jami'ar MIT, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2024, ya lissafa cewa ƙarin ingancin aiki da fasahar za ta kawo wa Amurka cikin shekaru 10 ba zai kai kashi 1 cikin 100 ba. Dalilinsa shi ne cewa ayyukan da na'ura za ta iya karɓa, kuma a samu sauƙin kuɗi wajen ba ta su, kaɗan ne daga cikin ayyukan da mutane ke yi. A watan Oktoba na 2025 Babban Bankin Ingila da Asusun Ba da Lamuni na Duniya duk sun yi gargaɗin cewa farashin hannayen jarin kamfanonin fasaha ya yi tsawo, kuma yana iya faɗowa ba zato ba tsammani.

An ga somin-taɓi a ranar 27 ga Janairu, 2025. Labari ya bazu cewa wani kamfanin ƙasar Sin mai suna DeepSeek ya samar da manhaja mai ƙarfi da kuɗi kaɗan, sai hannun jarin Nvidia ya faɗi da kusan kashi 17 cikin 100 a yini guda, darajarsa ta ragu da kusan dala biliyan 600. Farashin ya farfaɗo daga baya, amma lamarin ya nuna yadda labari ɗaya ke iya girgiza dukiyar da aka gina a kan hasashe.

Ita kanta fasahar tana da rauni da ya kamata mai shirin amfani da ita ya sani. Ana horar da manhajar ne da tulin rubuce-rubuce, daga nan ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Ba ta da hanyar tabbatar da gaskiya irin ta magatakarda da zai koma ya duba fayil, saboda haka wani lokaci takan ƙirƙiro suna ko lamba ko kwanan wata, ta kuma faɗe su da cikakken ƙarfin gwiwa. A watan Yuni na 2023 wata kotu a birnin Niyok ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 bayan sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a da ba su taɓa wanzuwa ba, waɗanda ChatGPT ya ƙaga musu. A watan Fabrairu na 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta umarci kamfanin jiragen sama na Air Canada ya biya wani fasinja, saboda manhajar amsa tambayoyi ta kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba game da rangwamen tikiti. Kotun ta ƙi yarda da hujjar cewa laifin na manhajar ne. Darasin a fili yake: in na'ura ta yi kuskure, mai kamfani ne zai biya. Ga masu hulɗa da abokan ciniki cikin Hausa kuwa, raunin ya fi yawa, tunda rubuce-rubucen Hausa da aka horar da manhajojin da su ba su kai ko kusa da na Turanci ba.

Haka kuma ba yau aka fara alkawarin da bai cika ba a wannan fanni. A shekarar 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen fasahar, ya ce a daina horar da likitoci masu karanta hoton cikin jiki domin na'ura za ta fi su cikin shekaru biyar. Asibitoci sun ci gaba da neman irin waɗannan likitoci. A 2019 Elon Musk ya ce kamfanin Tesla zai sami motocin haya miliyan ɗaya marasa direba a kan titi a 2020. Shekarar ta wuce ba a gan su ba. Kamfanin General Motors ya daina zuba kuɗi a shirinsa na tasi marar direba, Cruise, a watan Disamba na 2024 bayan ya kashe sama da dala biliyan 10. Kamfanin Klarna na ƙasar Suwidin, wanda ya yi shelar cewa manhajarsa na yin aikin ma'aikata 700, ya dawo a 2025 yana cewa zai sake ɗaukar mutane domin ingancin hidima ya ragu.

Waɗanda suka daɗe a harkar kasuwanci za su tuna zazzaɓin intanet na ƙarshen shekarun 1990. A ranar 10 ga Maris, 2000, ma'aunin kasuwar Nasdaq ya kai maki 5,048. Zuwa Oktoba na 2002 ya faɗi da kimanin kashi 78 cikin 100, kuma bai koma matsayinsa na da ba sai a shekarar 2015. Kamfanonin sadarwa irin su Global Crossing da WorldCom sun durƙushe a 2002. Abin lura shi ne, masu cewa intanet za ta sauya duniya sun faɗi gaskiya, ta kuwa sauya ta. Sai dai da yawa daga waɗanda suka sayi hannun jari a tsakiyar zazzaɓin ba su ga kuɗinsu ba, ribar ta tafi ga waɗanda suka zo daga baya suka tarar da kayan aiki da araha.

A nan gida ma an ɗanɗana irin wannan. A watan Maris na 2008 darajar kasuwar hannun jari ta Najeriya ta kai kimanin naira tiriliyan 12.6, bayan da bankuna suka yi ta ba jama'a rance don su sayi hannayen jari. Cikin shekara guda ma'aunin kasuwar ya zube da kusan kashi 70 cikin 100, 'yan kasuwa da ma'aikata da dama suka wayi gari da bashi, kuma a watan Agusta na 2009 Babban Bankin Najeriya ya sauke shugabannin bankuna biyar ya kuma zuba naira biliyan 420 don ceto su.

Haɗarin da ya fi kusa da ɗan kasuwar ƙasar nan shi ne na 'yan damfara da ke fakewa da sunan fasahar. Dandalin CBEX ya yi wa mutane alkawarin ninka kuɗinsu cikin kwana 30, yana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke yi masa cinikin kuɗaɗen intanet. A watan Afrilu na 2025 ya rushe, masu ajiya suka kasa cire kuɗinsu, fusatattu suka far wa ofishinsa a Ibadan. Hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta ƙasa ta ce ba ta yi masa rajista ba, hukumar EFCC kuma ta shiga bincike. Tsohuwar dabarar MMM ce ta shekarar 2016 aka sauya wa riga. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma sunan sabuwar fasaha ya zama abin da ake buɗe aljihun mutane da shi.

Wannan ba yana nufin fasahar ba ta da amfani ba. Tana taimakawa wajen tsara wasiƙar kasuwanci, taƙaita doguwar yarjejeniya kafin a kai wa lauya, fassara saƙon abokin ciniki na ƙasar waje, da gano hada-hadar da ake zargi a bankuna. A fannin kimiyya, manhajar AlphaFold ta kai masu ƙirƙirarta ga kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2024. Amma amfanin yana zuwa da tsada da ake biya da dala. Dala 20 da aka sa wa ChatGPT a matsayin kuɗin wata ba ta kai naira 10,000 ba a farashin hukuma a farkon 2023, amma a 2025 ta kai kimanin naira 30,000. Ga kuma wutar lantarki, wadda aka ɗaga farashinta ga masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane ma'auni a watan Afrilu na 2024. Mai masana'antar da ke fama da kuɗin dizal, ko ɗan kasuwar da kayansa ke kwana a tashar jiragen ruwa ta Apapa, matsalarsa ta farko ba ta rashin manhaja ba ce.

Saboda haka, abin da ya dace ga ɗan kasuwa shi ne ya gwada fasahar a kan aiki ɗaya ƙarami wanda ya san nawa yake ci masa a wata, ya auna bayan wata uku ko an samu ragin kuɗi ko na lokaci, sannan ya yanke shawara. Kada ya bar ta ta rubuta farashi, ko takardar kwastan, ko amsa ga abokin ciniki ba tare da mutum ya duba ba. Kada ya zuba mata sirrin cinikinsa da sunayen masu hulɗa da shi kafin ya san inda bayanan ke tafiya. Kada kuma ya sallami ma'aikacin da ya san kan aiki don jin wani talla, domin ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Wanda ke son sayen hannun jarin kamfanonin fasaha ya yi da kuɗin da zai iya jure rashinsu, ba da rance ba, kuma ta hannun dillalin da ke da rajista da hukuma.

Mai yiwuwa ne nan da shekaru 10 ƙirƙirarriyar basira ta zama kayan aikin yau da kullum a shaguna da ofisoshi, kamar yadda wayar salula ta zama bayan shigowarta ƙasar nan a 2001. In hakan ta faru, farashinta zai sauka, za a kuma san wadda ke aiki da wadda ba ta yi, kuma ɗan kasuwar da ya riƙe jarinsa zai saye ta a lokacin da ido buɗe.