Likita mai bincike: wa zai ɗauki nauyinsa?

Jama'a, karatun likita a jami'ar UDS ta nan Tamale shekara 6 ne, sannan horon shekara 2 a asibiti. Mai son haɗawa da digirin bincike sai ya ƙara shekara 3 ko 4. A zango kuwa, tun yaro na shekarar farko iyaye ke lissafin albashinsa. To wa zai ce musu su ƙara haƙuri?

Ni dai a ganina ƙarin ba asara ba ne. Ku dubi Navrongo. Likita ne, Fred Binka, ya jagoranci binciken gidan sauro mai magani a can, sakamakon ya fito a 1996: mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 17 cikin 100. Gidan sauron da ake raba wa masu juna biyu yau, irin wannan aikin ne ya share masa hanya.

A Amurka, tun 1964 gwamnati ke ɗaukar nauyin masu haɗa karatun biyu, wajen shekara 8, da kuɗin makaranta da na abinci. Mu malamai muna ganin yara masu irin wannan ƙwaƙwalwar a aji, kuɗi ne babu.

Don haka ina kira ga UDS da Asibitin Koyarwa na Tamale da GETFund su ware gurabe kaɗan duk shekara, da cikakken tallafi, bisa sharaɗin a binciki cututtukanmu, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. In ba haka ba, ɗan talaka zai haƙura, ɗan mai hali ya tafi Turai, wataƙila ba dawowa.