Bangon gadojin Kano ya fi ƙarfin fosta 🧵

1/
Ku duba jikin gadar Ƙofar Nassarawa ko ta Dangi. Bango ne makeke, dubban mutane na wucewa ta gabansa kullum. Me muka liƙa masa? Fostar 'yan siyasa da lambar mai maganin basir. Haba jama'a!

2/
Ni dai ra'ayina, a ba masu zane waɗannan bangwaye. Kuma ba sai mun aro komai daga waje ba, abin zanawar na cikin sunayen unguwanninmu.

3/
Kasuwar Rimi. Giginyu. Tsamiyar Boka. Durumin Iya. Ita kanta Kurmi, sunan daji ne mai duhuwa. Garin nan da bishiyoyi aka raɗa masa suna. Yau yaro zai girma a Giginyu bai iya nuna maka giginya ba.

4/
To a zana su. Rimi tsaye da manyan jijiyoyinsa, a daidaita sahu a jere a inuwarsa. Dutsen Dala daga nesa, karofin Ƙofar Mata da shuɗin babansa daga gefe. Tsamiya ta ratsa tsakanin shaguna. Gari da daji a bango ɗaya.

5/
Wani zai ce ba al'adarmu ba ce. Je ka Gidan Makama ko tsofaffin gidajen Zariya da Zinder ka ga ado a jikin gini. Masu fentin bayan manyan motoci ma suna nan, hannu gare su. Bango kawai aka hana su.

6/
Wani zai ce addini fa? Saɓanin malamai a kan zanen mai rai yake. Ibn Abbas da kansa ya ba mai sana'ar zane shawarar ya zana bishiya da abin da ba shi da rai.

7/
Maganar da ta fi ƙarfi ita ce: bishiyar fenti ba ta inuwa. Gaskiya ne, zafin watan Afrilu ba ya jin fenti. Shi ya sa nake cewa duk bangon da aka zana, a dasa irin bishiyar a kusa, a sa mai ba ta ruwa.

8/
Sai kuma doka: wanda ya liƙa fosta a kan zane, a ci shi tara, ko wace jam'iyya ce. In ba haka ba, zaɓe ɗaya zai shafe aikin.

9/
Wace bishiya ce za ta dace da bangon unguwarku? Ku faɗa min a ƙasa 👇