Cire gudan jini daga ƙwaƙwalwa: abin da kwamfuta ke gwadawa da abin da ke hannunka

Idan ka taɓa kai mai shanyewar ɓarin jiki asibiti, ka san tambayar da likita ke fara yi: ƙarfe nawa abin ya same shi? Galibi ciwon na zuwa ne idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. In babbar jijiya ce, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa duk minti ɗaya.

Tun 2015, bayan binciken MR CLEAN da aka yi a Holan kan majinyata 500, an tabbatar da amfanin ciro gudan kai tsaye. Ana zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har cikin kai, a kamo gudan da 'yar ragar ƙarfe ko a zuƙo shi. A 2018 binciken DAWN ya nuna wasu majinyata na amfana har zuwa awa 24.

Sai dai gudan ba ya fitowa a karon farko ko yaushe. Wani mai laushi ne, yana gutsurewa ya toshe ƙananan jijiyoyi na gaba. Wani kuma tauri gare shi kamar roba, ragar ta zame ta bar shi. Shi ya sa shirin INSIST, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi daga 2017, ya ƙera jijiya da gudan jini a cikin kwamfuta. Injiniyoyi a Milan ta Italiya suna jan gudan sau da yawa, su ga inda zai yage, ba tare da an taɓa kowa ba. Aiki ne mai kyau, amma yana farawa ne daga lokacin da majinyaci ya riga ya hau gadon aiki.

Daga Rigasa zuwa wannan gado akwai tafiya. Binciken SIREN na Najeriya da Ghana, wanda asibitocin koyarwa na Zariya da Kano suka shiga, ya gano kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon a nan jijiya ce ta fashe, ba toshewa ba. Ido ba ya bambance su, sai hoton CT. Don haka kada ka ba shi asfirin a gida, zai iya ƙara zubar jinin. Binciken ya kuma ɗora kusan tara cikin goma na ciwon a kan hawan jini.

In baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, duba agogo ka riƙe lokacin. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin haɗiya na iya lalacewa ya shaƙe. A yi addu'ar a cikin mota. Allurar narkar da gudan jini awa 4 da rabi ne wa'adinta, saboda haka in akwai mai hawan jini a gidanku, tambayi likitansa tun yanzu wane asibiti ne a Kaduna ke ɗaukar hoton CT cikin dare.