Shin Akwai Jarfar da Ba a Nadamarta?

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta fara kunno kai a tsakanin samarinmu na birane, musamman waɗanda idanunsu ba sa sauka daga kan 'yan ƙwallon Turai da mawaƙan Amurka, wato zana jiki da allura da tawada, zanen da ruwa da sabulu ba su fitar da shi, wanda iyayenmu suka sani da jarfa, 'yan zamani kuwa suke ce masa tatu. Masu wannan sana'a a ƙasashen da ta yi ƙarfi suna da wata nasiha da suke maimaita wa duk wanda ya zo musu da niyya, cewa ya natsu, kada ya yi gaggawa, ya zaɓi zanen da yake da ma'ana a rayuwarsa, ko sunan masoyi ne, ko ranar haihuwar ɗa, ko wata kalma da ta ratsa zuciyarsa, domin a faɗarsu zane mai ma'ana ba a nadamarsa. Na daɗe ina tadabburin wannan magana, kuma abin da ya bayyana gare ni shi ne, rauninta yana nan daidai wurin da suke zaton ƙarfinta yake.

Bari mu fara da haƙiƙanin abin da ake yi wa jikin. Tun da wani Ba'amurke mai suna Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin jarfa mai aiki da lantarki a birnin New York cikin 1891, aikin ya koma na allura mai sukar fata sau ɗaruruwa a cikin minti guda, tana ratsa fatar sama wadda take saɓulewa tana sabuntuwa kullum, tana ajiye tawada a cikin fata ta biyu, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan rugo su haɗiye wannan baƙon abu da nufin kawar da shi, sai ya gagare su narkarwa, su zauna da shi a cikinsu, in sun mutu wasu su gaje shi, haka har ƙarshen rayuwa. Gawar wani mutum da aka tsinta cikin ƙanƙarar duwatsun Alps a 1991, wadda masana suka ƙiyasta ta haura shekara 5,000, an same ta da jarfa 61, suna nan ana ganinsu.

To, wannan ita ce daɗewar tawada. Ina daɗewar ma'ana? Saurayi ɗan shekara 20, wanda soyayya ko baƙin ciki ko sha'awar wata ƙungiya ta cika masa ƙirji har yake jin ba abin da zai taɓa sauya shi, ba shi ne dattijon da zai zauna a zaure yana karɓar gaisuwar surukai ba, ko da yake sunansu ɗaya, fatarsu ɗaya. Zanen da aka zaɓa saboda ma'ana an zaɓe shi ne a lokacin da zuciya take tafasa, alhali kuwa wannan shi ne lokacin da hukuncin hankali ya fi rauni. Ɗan wasan fim ɗin nan Johnny Depp ya rubuta sunan budurwarsa Winona Ryder a damtsensa tare da alkawarin har abada, kuma ba wanda zai ce bai nufi abin da ya rubuta ba, amma da suka rabu a farkon shekarun 1990 sai da ya sa aka goge wasu haruffa, rubutun ya koma yana nufin mashayin giya. Mawaƙiya Ariana Grande kuwa, cikin 2019, ta so a rubuta mata sunan wata waƙarta da haruffan Japan a tafin hannu, sai mutanen Japan suka karanta suka ga an rubuta sunan ɗan murhun gawayi na gasa nama. Kada mai karatu ya ce waɗannan ɗaiɗaiku ne, gama cibiyar bincike ta Pew ta bayyana cikin 2023 cewa kashi 32 cikin 100 na manyan Amurka suna da jarfa, kuma kashi 24 cikin 100 na masu ita sun yi iƙrarin nadamar aƙalla guda ɗaya, a ƙasar da abin ba aibu ba ne a idon mafi yawan jama'a.

Mu Hausawa bai kamata a ce wani ne daga waje zai koya mana wannan darasi ba, domin mun riga mun gwada zane mai ma'ana fiye da duk wanda saurayin yau zai iya ƙirƙirowa. Duk wanda ya tashi a ƙauye, ko a tsohuwar unguwa cikin ganuwa, ya ga wanzami ranar suna, ya shigo da zabirarsa a rataye, ya zauna a kan tabarma, ya wasa aska a fatar da ke hannunsa, ya yi wa jariri askin suna, sa'an nan a miƙo masa kumatun yaron, wata tsohuwa tana riƙe da kai, ya tsaga da sauri, ya goga baƙin tukunya a wurin don zanen ya fito sosai, uwa kuwa tana ɗaka tana jin kukan ba ta da ikon cewa uffan. Wannan tsaga ba wasa ba ce. Da ita ake gane Bagobiri daga Bakabe, da ita ake sanin Babarbare tun bai buɗe baki ba, kuma a zamanin yaƙe-yaƙe da hare-haren bayi, da ita ake shaida ɗan dangi ko da ya shekara talatin a wata ƙasa. Bille da 'yan baka da fashin goshi, da jarfar da 'yan mata suke yi don ado, kowanne yana da muhallinsa. Ma'ana ce wadda al'umma ɗungurungum ta yi ittifaƙi a kanta, aka gada kaka da kakanni. Duk da haka zamani ya juya, buƙatar ta gushe, har Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana a yi wa yaro tsaga ko jarfa, kuma yau za ka iske dattijo mai cikakken zanen gidansu wanda ko ɗaya daga cikin jikokinsa bai bari aska ta taɓa fuskarsa ba. Idan ma'anar da gari guda ya riƙe ɗaruruwan shekaru ta iya tsufa, ina ga wadda yaro ya tsinta a waya cikin dare ɗaya?

Ga Musulmi kuwa, mas'alar ba ta tsaya ga zaɓen zane ba, domin nassi ya riga ya yi magana a kan asalin aikin. Hadisi ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, wanda ya ƙunshi la'anta ga mai yin jarfa da mai neman a yi mata, aka kuma danganta illar da sauya halittar Allah, kuma malamai sun bayyana cewa hukuncin ya haɗa maza da mata. Ko almajirin da bai wuce Risala ta Ibn Abi Zaid ba ya karanta wannan hani a babin fiɗira. Saboda haka wanda ya ce zai halatta abin ta hanyar zaɓen rubutu mai tsarki, ya sa a zana masa sunan Allah ko wata aya a ƙirji, ya ƙara laifi ne a kan laifi, tun da yake da wannan jikin zai shiga makewayi, da shi janaba za ta same shi.

Sa'an nan ga abin da masu nasihar ba su cika faɗa ba, wato tsadar komowa. Gogewa da hasken lesa ba a zama ɗaya ake yinta ba, sai an yi ta komawa, tsakanin kowane zama da na gaba makonni, da zafi da kuɗi masu yawa, kuma kore da rawaya sun fi baƙi taurin kai. Mu masu baƙar fata hatsarinmu ya fi, domin hasken yakan taɓa launin fatar kanta ya bar fari ko duhu a wurin, kuma tabo mai tudu ya fi saurin fito mana. Allurar da ba a tsabtace ba tana ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C daga jiki zuwa jiki. Rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya tana sanya rashin jarfa cikin sharuɗɗan ɗaukar kurata. Na san wani yaro a unguwarmu da ya sa aka zana masa kan zaki a kafaɗa, da lokacin neman aikin ɗamara ya zo sai ya ɗora wa wurin ƙarfe mai zafi da hannunsa, ya kwana biyu yana ɓoye ciwon har ya ruɓe. Da mahaifinsa ya gani ya ce masa, “Ɗana, me ya kai ka?” Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Wallahi Baba, a lokacin ji nake ba abin da ya fi shi kyau.” Gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ita ce take rushe hujjar masu cewa a zaɓi abin da zuciya ta natsu da shi.

Matanmu sun daɗe da samun mafita wadda shari'a ta yarda da ita, wato lalle, wanda amarya take shan adonsa har zuwa gwiwar hannu, bayan mako biyu ko uku ya koɗe, a sake wani salon idan wani bikin ya zo. Sai dai a yi hattara da baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi, domin yana ƙona fatar wasu ya bar musu tabo mai siffar zanen.

Waɗanda kuwa suka riga suka yi jarfar, cikin jahilci ko ƙuruciya ko kafin su musulunta, ba daidai ba ne a mai da su abin nuni a masallaci, ko a ce musu sallarsu ba ta karɓuwa har su yanke ƙauna su daina zuwa. Ƙofar tuba a buɗe take, malamai sun yi sauƙi ga wanda cirewar za ta cutar da shi, kuma da yawa daga cikin masu fatawa na wannan zamani suna ganin alwalarsa ta inganta, tun da tawadar tana ƙarƙashin fata ne, ba ta hana ruwa isa inda aka wajabta. Yaron da ya zo da irin wannan damuwa a kai shi wurin likitan fata a duba abin da zai yiwu, kafin ya ɗauko ƙarfe ko ruwan batir da kansa.