Kuskuren Malami Ba Na Mutum Ɗaya Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, ku ba ni aron hankalinku kaɗan, in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ran Asabar da ta wuce na bi ta Wunti zuwa kasuwar Muda Lawal, ina tafe ina karanta allunan da ke bakin shaguna. Kai, na ga abin mamaki! Wani ya rubuta "fure water", wani "photocofy". Masu facin taya uku kuwa, kowa da irin yadda ya rubuta "vulcanizer". To, waɗannan ban ga laifinsu ƙwarai ba, gama ba su ce za su koya wa kowa Turanci ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, da na komo kwaleji na duba sanarwar da mu ɗalibai mu ke liƙawa, sai ga "recieve", ga "Your's faithfully", ga "there" inda a ke nufin "their", ga wani yana cigiyar littafinsa ya sa "loose" maimakon "lose". Mu ke nan da za a danƙa wa 'ya'yan mutane gobe!

Da na zauna na yi tunani, sai na ga kurakuran nan iri uku ne.

Na fari, laifin Turancin ne kansa. Baƙaƙensa 26 ne, amma sautukansa sun kai wajen 44. Mu mun saba da Hausar boko, wadda kusan yadda ka faɗi haka za ka rubuta. Turanci ba haka ya ke ba. Tun William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila cikin 1476 rubutun ya fara tsayawa wuri guda, bakin mutane kuwa ya ci gaba da sakewa. Shi ya sa har yau a ke rubuta "k" a "knife" da "knee", ko da ya ke an daɗe da daina faɗinsa. Maganin wannan ba wayo ba ne, sai ƙamus da naci.

Na biyu, laifin kunnenmu ne. Hausa ba ta raba "p" da "f" ba, saboda haka "pull" da "full" duk ɗaya mu ke jinsu. Abin da kunne bai raba ba kuwa, hannu ba ya rabawa.

Na uku, mu kan yi tunani da Hausa, sa'an nan mu sa mata rigar Turanci. Muna cewa "sha magani", sai yaro ya ce "drink medicine". Muna "jin wari", sai ya ce "I hear the smell". Mai fita ya kan ce "ina zuwa", sai ka ji "I am coming", alhali kuwa ga ƙeyarsa. Haka kuma "borrow me your biro", domin bai san Bature ya raba mai bayarwa da mai karɓa ba, ɗaya "lend", ɗaya "borrow".

Na san wani zai ce, ai Turanci ya zama namu, mu yi shi yadda mu ka ga dama. Akwai ƙanshin gaskiya a nan. Cikin Janairu 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Nijeriya, har da "Kannywood" da "next tomorrow" da "barbing salon". Na yi murna da wannan. Amma kalmar da jama'a su ka ƙaga don bukatarsu daban, ganganci daban. Ba ƙamus ɗin da zai karɓi "recieve". Mai duba takardun WAEC ko NECO ma ba zai karɓa ba, ga shi kuwa yaron da bai sami kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe ta ke gare shi, ko da ya fi kowa lissafi.

Kada ku ce ina ɗaga kai. Bari in tona asirin kaina. A makarantar mishan da na yi, muna da wata tsohuwar malama mai ba mu shifta kowace Jumma'a, wanda ya kuskure kalma ya rubuta ta sau ashirin. Saboda haka na taso ina ganin ba ni da na biyu wajen rubutun Turanci. Bara aka tura ni koyarwar gwaji wata firamare a nan cikin gari, aji biyar. Ran nan na rubuta kan darasi a allo, na juya na ci gaba da bayani. Da dare na ɗauko littattafan yara zan duba. Na buɗe na fari, sai ga "Letter Writting", da "t" biyu. Na ja jan biro ina tsaki. Na biyu haka, na uku haka, har na ƙarshe. Na ce lalle gobe sai sun ji a jikinsu. Da safe ina shiga aji, sai na ga abin a allo, da hannuna! "Written" ce ta ruɗe ni. Wata yarinya kuwa ta ce, "Malam, na ga babana yana rubuta ta da ɗaya, amma na ce ai Malam ya fi shi sani."

Wallahi maganar nan ta fi bulala zafi. Da alli ɗaya na shuka kuskure cikin aji guda, har na sa yarinya ta ƙaryata ubanta a kan gaskiyarsa. Mai shago in ya kuskure, allonsa kaɗai ya ɓata. Malami in ya kuskure, sai abin ya haihu, ya yi jikoki. Icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, in ya bushe a karkace shi ke nan.

Mu mutanen Bauci ba mu da hujjar kasawa. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garinmu, malamin makaranta ne kamarmu. Ya gama Kwalejin Katsina cikin 1933, ya komo ya koyar a Midil ta Bauci. Shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa, shi ne kuma ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya cikin Oktoba 1960 ya yi jawabi da Turancin da duniya ta yaba. Bai zubar da ɗaya don ya ɗauki ɗaya ba. Ya san inda kowanne ya tsaya.

Ga shawarata. Kowa ya mallaki ƙamus, ko na takarda ko na cikin waya, ya duba kowace kalmar da ya ke shakka kafin ya shiga aji. In ka gama rubutu a allo, ka koma bayan aji ka karanta shi kamar wani ne ya rubuta. In yaro ya ce "drink medicine", kada ka yi masa dariya, ka nuna masa yadda Hausa ta ce da yadda Turanci ya ce, ya ƙaru da biyu. In kuwa kai ka kuskure, ka gyara a gaban yara. Ni haka na yi ran nan, na share "t" ɗaya, na ce wa yarinyar ta gaya wa babanta shi ke da gaskiya.

Wanda ya ga kuskure cikin rubutuna kuma, don Allah ya tare ni ya faɗa mini. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu gane, amin.